Abin da jika biyu ta saya mini: bitar wani bugun ɗalibai na wasan Goldsmith a Damagaram

Tun da aka koma makaranta a watan Oktoba nake neman wasan kwaikwayo guda wanda ƙungiyar masu koyon Ingilishi ta makarantarmu za ta karanta tare, ta kuma gwada shi a dandamali idan hali ya yi. Duk malamin da ke koyar da wannan harshe a Damagaram ya san wahalar da ke ciki, domin littafin Faransanci ana samunsa ko a hannun masu shimfiɗa a bakin hanya, amma na Ingilishi sai an yi sautu Kano, a zauna jiran direba, wani lokaci kuma a kawo maka abin da ba shi ka aika ba. Da gangan nake cewa Ingilishi, saboda a nan idan ka ce Turanci, da yawa za su ɗauka Faransanci kake nufi.

A wani shagon littattafai da kayan makaranta da ke kusa da Kasuwar Dole na yi dace. Da na faɗa wa mai shagon abin da nake nema, sai ya taka benci, ya sauko da wani ƙunshi ɗaure da igiya daga can saman kanta, ya kaɗe masa ƙura da gefen babbar rigarsa, ya ce, yana kira na Mushe kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan: "Mushe, waɗannan sun daɗe a nan ba wanda ya taya. In za ka kwashe su duka, na bar maka jika biyu da rabi kowane." Na ce: "Alhaji, a duba dai, kuɗin yara ne aka tattara dala-dala." Muka daidaita a kan jika biyu kowane, wato sefa dubu biyu, na ɗauki kwafi 12 na She Stoops to Conquer na Oliver Goldsmith, na ɗaure su a bayan kabu-kabu. Bugun Najeriya ne da aka yi domin ɗalibai, kuma dalilin yawansa a kasuwa shi ne hukumar jarrabawa ta WAEC ta taɓa sa wasan cikin littattafan adabi da ake yin jarrabawa a kansu, da aka sauya jerin kuma sai ragowar ta bazu har ta ƙetaro iyaka.

Jikin littafin ba abin yabo ba ne. Takardar sirara ce har rubutun bayan shafi yana leƙowa, gam ɗin da aka haɗa shi da shi kuma bai san zafin Damagaram ba, domin kafin mu kai kashi na uku shafuka sun fara zubewa a hannun yara, sai da muka kai wa mai ɗinki ya bi gefensu da zare. A kwafi biyu, wasu shafuka na kashi na huɗu sun ɓace, an maimaita na kashi na uku a gurbinsu. Haruffan dai manya ne, ana karanta su ba tare da matse ido ba, kuma an buga sunan mai magana da baƙi mai kauri, abin da ya taimaka ƙwarai lokacin da muke karɓa-karɓa a aji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an cire gabatarwar da David Garrick, babban ɗan wasan zamanin, ya rubuta wa wasan. An fara nuna wasan ne ranar 15 ga Maris 1773 a gidan wasa na Covent Garden da ke Landan, bayan shugaban gidan, George Colman, ya daɗe yana jan ƙafa don bai yi zaton zai karɓu ba, kuma Goldsmith ya sadaukar da shi ga abokinsa, marubuci Samuel Johnson. A lokacin, abin da ake yayi shi ne wasannin da sunansu na ban dariya ne amma cike suke da hawaye da wa'azi, inda kowa mutumin kirki ne mai taushin zuciya. Goldsmith ya tsani wannan yayi, har ya rubuta maƙala a farkon shekarar yana kare wasan da ke sa mutane dariya a kan wautarsu. Gabatarwar da aka cire ita ce ke ɗauke da wannan faɗa: ɗan wasa ne ke fitowa cikin baƙaƙen kaya, da hankici a ido, yana kukan cewa barkwanci na kan gargara, sai ga wani likita ya zo da magani kurɓi biyar, wato kashi biyar na wasan. Ɗalibin da bai ga wannan ba zai karanta kalaman Marlow da Kate, saurayi da budurwar wasan, a haɗuwarsu ta farko ya ɗauka hira ce ta hankali, alhali shaguɓe ne ga irin maganganun da suka cika dandamali a wancan zamani. Goldsmith bai daɗe ba bayan nasarar, ya rasu a watan Afrilu na 1774.

Shi kuwa wasan kansa, ko da a takardar ƙunshe ƙosai aka buga shi, ya ci kuɗinsa. Duk abin da ya faru a dare ɗaya ya faru, shi ya sa sunansa na biyu yake nufin kurakuran dare guda. Saurayi ɗan birni, Charles Marlow, ya taso daga Landan tare da abokinsa George Hastings zuwa ƙauye domin ya ga Kate, ƴar Mista Hardcastle, aminin mahaifinsa. Suka ɓace hanya, suka faɗa wata mashaya, suka tarar da Tony Lumpkin, agolan Hardcastle, wanda ya kwatanta musu gidan mijin uwarsa a kan cewa masaukin matafiya ne na kuɗi, ya kuma ja musu kunne cewa mai masaukin tsoho ne mai son cusa kansa cikin baƙi. Ana ba da labari cewa irin wannan ya taɓa faruwa da Goldsmith kansa yana yaro a ƙasar Ayaland, inda ya kwana a gidan wani attajiri yana zaton masauki ne.

Bayanan da ke ƙarshen littafin sun kira wannan jigo da kuskuren gane mutum, suka ba shi layi huɗu suka wuce. A ganina nan ne zuciyar wasan take, kuma Bahaushe ya fi mai bayanin saurin gane ta. Mu da muke cewa baƙonka annabinka, mun kuma san cewa baƙo ma yana da nasa haƙƙin da zai sauke: ya zauna inda aka nuna masa, ya ci abin da aka kawo, ya saurari mai gida ko da labarin ya gundure shi. Marlow ya karya waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ya mamaye kujerar da ta fi kowace daɗi a bakin murhu, ya tuɓe takalmansa a ɗakin baƙi ya ce a kula masa da su, ya katse tsohon yana tsakiyar labarin yaƙin janar Marlborough domin ya tattauna da abokinsa irin rigar da zai sa gobe, ya nemi a kawo masa jerin abincin dare a rubuce ya bi shi yana kushewa, sannan ya dage sai ya je da kansa ya duba shimfiɗa. Ranar da muka karanta wannan fitowa, wani ɗalibi da ke riƙe da matsayin Hardcastle ya ajiye littafin a kan tebur ya ce: "Mushe, wallahi da a gidanmu ne, da tuni an nuna masa ƙofar zaure." Ajin ya fashe da dariya, amma tambayar da ta biyo baya ita ce ta riƙe mu har aka kaɗa ƙararrawa: to da a ce masaukin kuɗi ne da gaske, abin da Marlow ya yi daidai ne? Yawancinsu da farko sun ce daidai ne, tunda kuɗinsa zai biya. Sai wata ɗaliba, wadda mahaifiyarta ke sayar da abinci, ta ce ita ta san irin waɗannan masu saye, kuma tsoho tsoho ne ko da tuwo yake sayarwa. Goldsmith bai sauya komai a jikin Hardcastle ba tsakanin mai gida da mai masauki, furfurarsa ɗaya ce, maganarsa ɗaya ce, abin da ya sauya kawai shi ne matsayin da Marlow ya ɗauka yana da shi, ladabin Marlow kuma ya bi wannan zato ya tafi.

Hardcastle kansa ba a bar shi ba zolaya. Mutum ne mai son duk abin da ya tsufa, tsofaffin abokai, tsofaffin littattafai, tsofaffin al'adu, har da tsohuwar matarsa, kamar yadda yake tsokanarta. Fitowar da yake horar da barorinsa kafin baƙi su iso tana cikin mafi daɗi a littafin: ya kwaso su daga rumbu da bayan garma yana koya musu inda za su sa hannuwansu, yana gargaɗinsu kada su yi dariya idan ya ba da labari a teburi, Diggory kuma, ɗaya daga cikinsu, yana roƙonsa kada ya ba da wani labari guda da suka shekara 20 suna yi wa dariya, domin ba zai iya daurewa ba. Duk wanda ya ga yadda gida ke rikicewa ranar da dangin ango za su zo daga Yamai ya san wannan fitowa tun kafin ya karanta ta.

Matsalar da ta fi girma a bayanan ita ce yadda suka ɗauki halin Marlow. Sun ce saurayi ne mai kunya a gaban mata masu daraja, mai sakin jiki a gaban na ƙasa, kamar wani ɗan ciwo ne da aure zai warkar. Kalmar kunya kuwa a wurinmu tana da nauyi, ba a ba kowa ita. Mai kunya yana jin kunyar surukarsa, yana kuma jin kunyar mai tallar goro. Abin da ke damun Marlow tsoro ne. A gaban Kate mai ado ya kasa ɗaga ido daga ƙasa, yana in'ina, ita ce ma take ƙarasa masa jimlolinsa, har suka rabu bai ga fuskarta ba. Da ya gamu da ita cikin kayan aikin gida ya zaci ma'aikaciyar masaukin ce, sai ga shi da baki har kunne, yana alfahari da yadda matan Landan ke sonsa, yana kama hannunta yana ja. Shi da bakinsa ya gaya wa Hastings cewa rayuwarsa ta ƙare ne tsakanin makaranta da masaukai, kuma bai taɓa sabawa da wata mace mai mutunci ba in ban da mahaifiyarsa. Wannan uzuri ne, amma bai wanke shi ba, domin ma'anarsa ita ce yana girmama macen da za ta iya kunyata shi a idon jama'a, yana kuma wasa da wadda ba ta da mai tsaya mata. Littafin da aka yi domin matasa ya kamata ya tsaya a nan ya yi tambaya, wannan kuwa ya tsallake.

Kate ita ce mai hankalin gidan. Tana da yarjejeniya da mahaifinta cewa da safe za ta yi adon da take so ta karɓi baƙi, da yamma kuma ta sa kaya marasa ƙyale-ƙyale don ta faranta masa, kuma wannan ne ya sa Marlow ya kasa gane ta. Da ta ga kuskurensa ba ta gyara masa ba, sai ta riƙe shi ya zama makami: ta fara da zama ƴar aiki, daga baya ta koma ƴar uwa matalauciya da ke riƙe da makullan gida, har ta ga mutumin ta fuskoki ukun da ba wanda ya taɓa ganinsu tare. Sunan wasan yana nufin ta rusuna domin ta yi galaba, kuma da na nemi ɗalibai su fassara shi, ba a ɗauki minti ɗaya ba wani ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ban ga fassarar da ta fi wannan ba. Sai dai akwai abin da nake so mai karatu ya lura da shi, wanda bayanan ba su taɓo ba. A kashi na huɗu Marlow ya ce wa yarinyar da yake zaton matalauciya ce bambancin asali da dukiya da tarbiyya ya hana aure tsakaninsu, a kashi na biyar kuma, mahaifinsa da mahaifinta na laɓe suna saurare, ya durƙusa ya ce ya shirya ya fuskanci mahaifinsa a kanta. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ba a bari ya biya farashinsa ba, domin nan take aka bayyana cewa ƴar gidan ce, tsararsa a asali. Goldsmith ya girgiza katangar da ke tsakanin masu shi da marasa shi, ya ba mu dariya, sannan ya bar ta a tsaye. Ban ɗauki wannan aibi ba, haka irin wannan wasa yake, yana zolayar manyan mutane ne a gaban manyan mutane.

Labari na biyu, na Hastings da Constance Neville, ya fi kusa da abin da muke gani a unguwanninmu. Constance marainiya ce a hannun Misis Hardcastle, gadonta kuma kayan ƙawa ne na duwatsu masu tsada da wani kawunta, babba a kamfanin Indiya, ya bar mata. Uwar riƙon ta ƙudura sai ta aura wa ɗanta Tony ita, ba don komai ba sai don kada dukiyar ta fita daga gida, alhali yaran biyu ba sa ƙaunar juna, a gabanta kawai suke yin kamar suna soyayya. Auren zumunci da aka ƙulla a kan dukiyar maraya ba sai an yi wa ɗan Damagaram dogon bayani ba. Misis Hardcastle ba ta taɓa taka Landan ba, amma ba ta da zance sai na yayin Landan, tana rage shekarunta mijinta yana mayar mata da su 57, kuma ta sangarta ɗanta har ya girma bai iya karanta rubutun hannu ba. Wannan jahilci nasa ne ya tona asirin masoyan, lokacin da wasiƙar Hastings ta zo hannunsa, Constance tana ƙoƙarin rufewa da cewa zancen faɗan zakaru ne, shi kuma don son jin labarin zakarun ya miƙa wa uwarsa ta karanta. Duk da haka marubucin bai mayar da ita dodo ba. Lokacin da Tony ya yi ta zagaya gida da ita a keken doki cikin duhu har ya tsoma ta a tafkin shayar da dawaki, tana zaton ta yi nisan mil 40, ta hango mijinta ta ɗauka ɗan fashi ne, sai ta durƙusa tana roƙon ya kashe ta ya bar mata ɗanta. Ɗalibaina sun yi dariya, sannan suka yi tsit.

Tony shi ne wanda yara suka fi so, kuma na fahimci dalili. Bayanan sun kira shi shashasha, amma shi ne ya ƙulla rikicin, shi ne ya sace akwatin kayan ƙawar, shi ne kuma ya warware komai a ƙarshe, da aka gaya masa cewa ya cika shekarun mallakar kansa tun wata uku da suka wuce uwarsa ta ɓoye masa, ya tashi a gaban kowa ya ce ba ya son Constance, ya ƴantar da ita da gadonta. Garin da ya san wasan kara, inda samari ke kwaikwayon manya a gaban manya, garin da ya saurari ƴan wasan kwaikwayo irin su Yazi Dogo, ba zai rasa gane irin wannan ɗan wasa ba, wanda ake yi wa kallon wawa alhali igiyar kowa tana hannunsa.

Ya kamata iyaye da malamai su sani cewa akwai shan giya a wasan, akwai waƙar mashaya da Tony ke yi wadda take zolayar malaman makaranta da masu wa'azin Kirista na ɗariƙar Methodist, akwai kuma fitowar da Marlow ke neman sumbatar Kate. Mu mun karanta su duka a aji, amma idan za mu hau dandamali za mu tsallake waƙar, mu kuma sassauta waccan fitowa.

Ƙamus ɗin da ke bayan littafin ya bayyana kalmomin da ɗan aji uku ya sani, ya bar waɗanda suka tsufa shekara 250, da karin maganar ƙauye da Tony da barori ke yi, waɗanda su ne ainihin abin da ke tsayar da mai karatu. Ga ɗalibin da ya zo Ingilishi ta hanyar Faransanci, wannan gibi ne babba, kuma ni na cike shi da allo da alli. Tambayoyin jarrabawa da aka jera a ƙarshe ba su da amfani a wurinmu tunda ba waccan jarrabawa muke yi ba, ko da yake taƙaitaccen labarin kowane kashi ya taimaki waɗanda suka yi fashin zuwa. Wanda zai karanta shi kaɗai ba malami, ina ba shi shawara ya nemi wani bugun mai cikakken bayani ko da ya ninka wannan tsada. Ƙungiya ko aji mai jagora kuwa, jika biyu ba ta yi yawa ba, muddin an tanadi zare da allura.

Game da shagon, na koma da kwafi biyun nan masu ɓatattun shafuka ina shirin doguwar magana, sai mai shagon ya buɗe su, ya duba lambobin shafi da kansa, ya ce: "Mushe, wannan ba laifinka ba ne, ba kuma nawa ba ne, amma ni na sayar maka." Ya rubuta sunan littafin a bayan wani kwali ya ce zai sa a cikin sautunsa na Kano. Sai da aka yi mako uku kafin su iso, ɗaya daga cikinsu kuma bangonsa daban ne da na sauran, amma shafukan kashi na huɗu sun cika, bai kuma karɓi ko dala a kai ba. Wanda zai saya a wurinsa ya zauna a kan bencin nan ya ƙirga shafukan kowane kwafi kafin ya biya, Alhajin ba ya hanawa.